Maƙwabciyata ta mayar da duron sharata bolar gidanta, ku ba ni shawara

Baiwar Allah (an ɓoye suna):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ɓoye sunana, akwai dangin maigidana a nan. Tun jiya ban runtsa ba.

Muna haya a unguwar Mabera, cikin garin Sakkwato. Daga Arkilla muka dawo, bayan mai gidan can ya ce ɗansa zai yi aure yana son wurinsa. Lokacin ina da tsohon ciki, maigidana kuma ba ya gari saboda harkar albasa yake yi, yau yana Illela gobe yana Kudu, ƙanena ne ya kwaso kayan, har madubin sif ɗina ya fashe a hanya, uwar mijina ta ce ai da na jira na haihu. To da muka tare na tarar kowa a lungun a kwata yake zuba shara, ko a wani kango da ke bayanmu. Ni ban taso na ga haka a gidanmu ba. Da kuɗin adashena na sa masu walda suka yanko min rabin duro, suka yi masa murfi da hannuwa, aka shafa koren fenti. Na ajiye shi a waje, na samu almajiri mai baro yana kwashewa ina biyan shi.

Katangarmu ɗaya da wata Hajiya dattijuwa, gidan nata ne na kanta, tana tuyar awara da ƙosai na sayarwa, jikoki cike da gida. Da farko ledoji yaranta suke sakawa, na kawar da kai. Sai ga famfas, sai ga ruwan wanke-wanke, sai toka da zafinta har fentin ya ƙone. Duron da yake kai mu kwanaki yanzu kafin la'asar ya cika, yaron ya ƙara min kuɗi, ya ce kayan da nauyi da wari. Na aika a faɗa mata, aka dawo min da cewa wai shara ba ta da suna. Sai na sa kwaɗo. Tun daga nan a gefen duron ake tulawa, awaki su watsa, ni ce da shara safe da yamma.

Jiya dai abin da ya faru ya faru. Yanzu ba ta amsa gaisuwata, kuma babban ɗanta ya yi sallama ya ce a ɗauke duron kafin Juma'a. Mai gidan da muke haya ɗan ƙanenta ne, kuɗin hayarmu kuma bayan Sallah zai ƙare. Ya zan yi?

Maman Iman:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ki haƙuri. Amma mene ne ya faru jiyan? Kin ba mu labarin madubi kin tsallake wurin da ake so.

Ɗan Runjin Sambo:
Kada ki ɗauke. Kuɗinki, duronki, ƙofar gidanki. Yau kika ɗauke duro, gobe shanya za a hana ki. Irin mutanen nan masu ganin ɗan haya ba mutum ba ne.

Tsohon Duba-gari:
Ɗiyata, kafin kowa shi ba ki shawara, amsa mini abu biyu. Ina duron wanga yake zaune, jikin katangar wa? Sannan kin ce kin aika. Wa kinka aika? Aikin duba-gari na yi har anka sallame ni, kuma mafi yawan rigimar shara da na raba, daga tambayoyin ga biyu take warwarewa.

Baiwar Allah:
Baba, a waje yake, tsakanin ƙofarmu da tata. Ƙofarmu ƙarama ce, idan na sa shi a bakinta mashin ɗin maigidana ba ya shiga. Yarinyar da ke min aiki na aika, saboda ina jego lokacin. Maman Iman, jiya na tarar da leda cike da famfas a kan murfin, sai na sa yarinyar ta mayar musu ƙofar gida. Ba jefawa ta yi ba, ajiyewa ta yi. Ban san Hajiyar tana da baƙi a zaure ba.

Tsohon Duba-gari:
Tsakanin ƙofarku da tata, wato jikin katangarta. Akwai taga ga wurin?

Baiwar Allah:
Akwai wata 'yar taga can sama, amma ai duron yana da murfi.

Tsohon Duba-gari:
To ki saurara. Murfi ba ya hana wari a garin da zahi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu. Ƙuda in ya yi ƙwai cikin jiƙaƙƙiyar shara, kwana guda bai cika ba tsutsa ta hito, cikin mako ɗaya zuwa kwana goma ta zama ƙuda mai tashi. Ƙudan nan ba ya tambayar wa ya sayi duro, kan awarar Hajiya zai sauka, kan kwanon jaririnki zai sauka. Wanda ya ga amai da gudawa na 2021 a jihar nan bai wasa da wanga zance. Don haka ku biyu kuna da laihi. Ita ta zuba abin da ba a zubawa, ke kin ajiye bola ƙarƙashin tagar mutane ba ki nemi izini ba, kinka aika yarinya ga tsohuwa, kinka kai mata ƙazanta gaban baƙi.

Ga abin yi. Duron shi koma cikin gidanku, a hito da shi sai yaron ya zo da baro. Ruwa kada shi shiga ciki, shi ne ke kawo nauyi da wari, shi ke cinye gindin ƙarfe. Toka sai ta huce. Famfas a ƙulle cikin leda. A huda gindin duron, a ɗora shi bisa bulo. In kinka yi haka, Hajiya ba ta da wurin zubawa kuma ba ta da abin kai ƙara. Zance ya ƙare.

Baiwar Allah:
Baba, da girmanku, amma tsakar gidanmu tabarma biyu ba ta ɗauka, a nan nake girki, a nan yarona yake rarrafe. Kuma ni da na kawo tsafta lungun ni ce mai laifi? Kafin na zo a kwata take zubawa, tagar ba ta dame ta ba sai yanzu?

Umman Sadiq:
Kwatar nan da kika ambata ita ce ciwona. Ni ma Mabera nake. Duk damina sai ruwa ya shigo mana har ɗaki, saboda mutanen sama da mu da sun ga hadari ya haɗu sai kowa ya fito da shararsa ya juye a kwata, wai ruwa ya tafi da ita. Ina za ta tafi? Ƙofar gidana take tsayawa. Ledar fiya wata kaɗai ta isa ta toshe kwalbati. Bara katifu biyu na yi asara, da buhun gero. Maigidana ya tara samari aka yashe, aka ce kowane gida ya kawo abin da ya samu a sallame su, wallahi gidan da ya fi kowa zuba shara shi ne ya ce ba shi da canji. Har yau muna gaisawa dai, amma Allah ya isa.

Malama Ta Islamiyya:
'Yar uwa, ki je da kanki ki ba ta haƙuri, ko da ke ce da gaskiya. Ta haife ki. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce Mala'ika Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado. Kuma kawar da ƙazanta daga hanya sadaka ne. Ki cire kwaɗon, ki bar su su zuba, ɗan abin da yaron ya ƙara ki ɗauke shi sadaka. Lada kike samu ba ki sani ba.

Ɗan Runjin Sambo:
Malama, hadisin ita kaɗai ya hau? Hajiyar ba maƙwabciya ba ce? Ai akwai wanda ya ce ba cuta ba cutarwa. Mace mai sana'a tana samun kuɗi kullum, 'yar haya ce za ta biya mata kwasar shara? Haƙuri haƙuri, shi ya sa kowa yake taka na ƙasa da shi.

Tsohon Duba-gari:
Malama, a gafarce ni, shawarar ga ba ta yi ba. Rabin duro ba ya ɗaukar sharar gida biyu, ɗaya ma gidan sana'a. Zai cika shi zube, an koma gidan jiya. Lada ba ta hana tsutsa. Kai kuma na Runjin Sambo, kana zuga ta, in anka ba ta takardar tashi ɗakinka za ka ba ta? Mu da munka yi aiki zamanin Buhari da Idiagbon, da anka fara yaƙi da rashin ɗa'a a 1984, ranar tsabtace gari ba mai hita sai an share lungu. Har randa muke buɗawa mu duba. Yanzu kowa sarki ne ƙofar gidansa.

Maman Iman:
Ni a ganina ku yi karo-karo. Mu a Gawon Nama gida huɗu muka haɗa, mai kura ɗaya yake kwashe mana, ƙarshen wata kowa ya ba da nasa, kuɗin yana hannun matar da ta fi mu shekaru. Ki samu matar liman ko wata dattijuwa da Hajiyar ke jin nauyinta ta raka ki. Ki fara da ban haƙurin famfas ɗin, sannan a kawo zancen karo-karo. Amma ke ma fa aika yarinya bai yi ba.

Baiwar Allah:
Maman Iman, jego nake, fita zan yi? Kuma ita da ta aiko min da cewa shara ba ta da suna, ba jikarta ta aiko ba? Karo-karo kuma, matar da ko barka da na haihu sai a bakin ƙofa ta yi min, ita ce za ta ba ni kuɗi duk wata?

Mai Jar Akuya:
Ni dai roƙona ku masu duro ku riƙa rufewa. Akuyata mai ciki ta daina cin abinci, tana ta ramewa cikin yana kumbura, da aka yanka leda aka ciro dunƙule guda a tumbinta. Wa zan kama? Da can sharar gida toka ce da kashin dabbobi, manoma da jakuna suke zuwa su roƙa su kai gona kafin damina. Yanzu wa zai kai leda da famfas gonarsa?

Umman Sadiq:
Ku ma masu awaki ku riƙa ɗaurewa mana. Ba su ne suke watsa sharar ba?

Mai Jar Akuya:
Hajiya, akuya a Sakkwato ta riga leda zuwa.

Ɗan Runjin Sambo:
Ki ɗauki hoto duk lokacin da suka zuba, ki kai wa mai unguwa. Idan bai yi komai ba ki wuce sashen lafiya na ƙaramar hukuma, Mabera ai Sakkwato ta Kudu ce. Ko ki zuba kalanzir ki ƙone abin da suka tula, hayaƙin ya shiga tagar su ji yadda ake ji.

Tsohon Duba-gari:
Kul! Hayaƙin leda da famfas guba ne, jaririnta zai fara shaƙa kafin Hajiya. Ga wutar kusa da mashin. Batun ƙara kuma, ɗiyata, ni na san abin da zai faru don ni ke zuwa da. Ma'aikaci in ya zo, abin da idonsa ya gani shi ka rubutawa: duro a kan hanya, jikin katangar wani, shara zube gefensa. Zai tambayi na wa ne. Takardar gargaɗi sunan mijinki za ta ɗauka. Mai unguwa kuwa sulhu zai yi, kuma da maza zai zauna. Wai ma mijin naki mi ya ce?

Baiwar Allah:
Ban faɗa masa ba tukuna. Tun farko ya ce kada na sayi duron, wai mu yi yadda kowa yake yi. Idan na faɗa masa yanzu cewa zai yi ga irinta nan.

Maman Iman:
Innalillahi. Ɗan Hajiyar ya zo har ƙofa, mai gidan hayarku ɗan uwansu ne, kuma mijinki bai sani ba? Ki kira shi yau kafin ya ji a bakin wani.

Malama Ta Islamiyya:
Wannan kam ya fi duron muhimmanci.

Tsohon Duba-gari:
Na faɗa tun ɗazu, ki shigar da duron. In tsakar gida ba wuri, ki sayar da shi ga 'yan jari-bola, ki sayi bokitin fenti mai murfi, yaron shi riƙa zuwa kullum da sahe. Shara kaɗan, kuɗi kaɗan. Shekara da shekaru ina wanga aiki ban ga inda hakan ya ƙi ba.

Baiwar Allah:
Na gode muku duka. Amma gaskiya sayar da shi a kilo bayan abin da na kashe, zuciyata ba za ta iya ba. Kuma idan na shigar da shi kafin Juma'a, ai ya zama ɗanta ya ba ni umarni na bi. Ina tunanin na matsar da shi kaɗan daga tagar na bar kwaɗon a jiki. Yanzu ma yarinyar ta leƙa ta ce an sake ajiye wata ledar. Akwai wanda ya san ko mai gida yana da ikon tashin mutum a kan irin wannan, alhali kuɗinsa bai ƙare ba?

Ɗan Runjin Sambo:
Kuna da takardar yarjejeniya?

Baiwar Allah:
Sai na tambayi maigidana.