Sati bakwai ba na gida, yaya zan yi da kifin discus?

Assalamu alaikum. Ina Maradi, ina da akwatin gilashi mai cin lita 250 da kifin discus (wani kifin ado ne da ake kiwo a gida) guda shida a ciki. Tafiya ta kama ni zuwa Yamai, sati bakwai, kuma ta faɗo tsakiyar bazara.

Na taɓa gwadawa. Da na yi tafiyar kwana goma, ƙanena na bar wa su. Tausayi ya sa duk lokacin da suka taso sama sai ya zuba musu abinci. Na dawo na tarar ruwan ya yi fari kamar na wankin shinkafa, kifayen sun yi duhu, sun maƙale a lungu ba sa ci, ɗaya ya mutu. Ya canza ruwa kam, amma kai tsaye daga famfo, bai bari ya kwana ba. Daga baya na sayi na'urar zuba abinci mai batir, sai dai ita ba ta canza ruwa, discus kuwa ba ya jure ƙazanta. Ni duk kwana uku nake kwashe kashi ɗaya cikin uku na ruwan in zuba sabo.

Abin da ya fi damuna zafi ne da ɗauke wuta. Digiri 28 zuwa 30 suke so, amma a Afrilu ruwan ɗakina kan kai 34, kuma da wuta ta tafi injin tace ruwa da na iska sun tsaya.

Don Allah masu kiwonsa, wane tsari mafi sauƙi na abinci da canjin ruwa zan rubuta wa yaron nan, wanda zai riƙe su sati bakwai cikin wannan zafi?