Jingar shekara huɗu tana cikin filas, ta ina zan fara?

Ɗalibar aikin jarida: Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da warhaka. Ina ajin ƙarshe, kuma na fara neman gurbin sanin makamar aiki. Wuri biyu ke nan ana ce mini in turo samfurin ayyukana. Shekaranjiya na gwada haɗa bidiyon rahotona a imel, Gmail ya ce ya wuce megabait 25, sai dai in tura ta Drive. Na tura, mutumin ya dawo ya ce an hana shi buɗewa. Duk jingar da na yi tun aji ɗaya tana cikin filas ɗin kwamfuta guda: rubutattun rahotanni, shirye-shiryen rediyo uku, hotuna, bidiyo biyu, da kundin kammala digiri da nake kai yanzu. So nake in tara su a shafi ɗaya na intanet, in riƙa ba da adireshin kawai. Ban iya rubuta manhaja ba. Don Allah wanda ya taɓa yi ya ɗora ni a hanya.

Mai rubuta manhaja: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni nawa a GitHub Pages yake. Kyauta ne, ba talla, kuma adireshin yana fitowa da sunanki sai github.io a ƙarshe. Za ki buɗe ma'ajiya da wannan sunan, ki saka fayil mai suna index.html, cikin 'yan mintuna shafi ya hau. Abin da ya fi burge ni shi ne duk fayilolin suna hannuna, ranar da na ga dama zan kwashe su in koma wani wuri ba tare da na sake gina komai ba. Kuma ɗalibi yana iya neman GitHub Student Developer Pack da shaidar makaranta, akwai kayan aiki da yawa a ciki.

Mai zane: Yaya, ta ce fa ba ta iya manhaja ba. Wadda ake jiran ayyukanta a wannan makon ba za ta zauna koyon HTML, yaren rubuta shafukan intanet, ba. Ƙanwata, buɗe Google Sites. Jawowa ake a ajiye: nan hoto, nan rubutu, nan bidiyo. Da yamma ɗaya kin gama tsarin. Ni Behance nake amfani da shi saboda can masu zane suke taruwa, na kamfanin Adobe ne, amma an yi shi ne don abin da ido zai kalla. Rubutaccen rahoto mai tsawo ba ya zama da kyau a can.

Mai rubuta manhaja: Na yarda, gaskiyarki. Kuma ko a GitHub ɗin ba a son manyan fayiloli, wanda ya wuce megabait 100 ma ba ya karɓuwa. Bidiyo dai YouTube za ta kai shi ko ta ina ta bi, sai ta jawo shi cikin shafin. Amma tunda rubutu ne ya fi yawa a wajenta, ta duba WordPress.com ma. Don rubutu aka gina shi, akwai tsarin kyauta, illarsa kawai suna saka tallarsu a shafin.

Tsohon ɗalibi: Kafin ki buɗe komai, ki duba da wane asusu kika shiga. Wannan abin ya ci ni. Na gina shafina a Google Sites da imel ɗin da makaranta ta ba mu, na ɗora komai a Drive ɗin wannan asusun, na rubuta adireshin a CV. Bayan mun gama da wasu watanni aka rufe asusun waɗanda suka kammala. Wata rana wani da na nemi aiki wajensa ya kira ni ya ce shafin babu shi. Zane-zanen aikina na ƙarshe guda biyu har yau ban same su ba, don can kaɗai na ajiye su. Ki yi amfani da asusunki na kanki. Idan akwai abin da ke cikin na makaranta, Google Takeout yana tattara miki shi ki sauke, in dai makarantar ba ta kulle hanyar ba. Ki yi tun kina ɗaliba. Haka ma waɗanda jami'arsu take amfani da Mahara, dandalin tara ayyukan ɗalibai, ko wani dandalin cikin gida, su fitar da kayansu kafin a yaye su.

Ɗalibar aikin jarida: Inna lillahi. Allah ya mayar maka da alheri Yaya. Wallahi da na makaranta na yi niyyar buɗewa, don na ga ya fi kama da na hukuma. To a cikin ayyukan, duka zan zuba? Na ƙirga sun kai arba'in.

Mai ɗaukar ma'aikata: A'a 'yata, kar ki zuba duka. Ni ce irin wadda kuke turo wa waɗannan shafukan, bari in gaya miki yadda nake dubawa. Takardu suna jibge a gabana, in buɗe shafin mutum, sau da yawa ma a waya. Aikin farko da na gani shi nake buɗewa. Idan ya riƙe ni in buɗe na biyu. Da wuya in kai na huɗu. To idan kika jera arba'in bisa tsarin shekara, abin da zan fara cin karo da shi jingar aji ɗaya ce, lokacin hannunki bai faɗa ba, kuma da ita zan auna ki.

Ki zaɓi biyar ko shida. Wanda kika fi alfahari da shi ya zo a sama. Sannan abin da yawancinku ba ku yi, kuma shi na fi nema: a ƙarƙashin kowane aiki ki rubuta layi huɗu ko biyar. Me aka ce ki yi? Ta yaya kika bi? Wace matsala kika ci karo da ita, kuma yaya kika fita? Da za ki sake, me za ki gyara? Akwai wata yarinya da ta saka rahoton rediyo, ta rubuta a ƙasa cewa mutum biyun da ta shirya hira da su sun janye ana gobe miƙa aiki, sai ta juya labarin ta gina shi a kan wanda ya rage da sautin wurin da ta naɗa. Rahoton kansa matsakaici ne. Bayanin nan ya sa na kira ta, don a ɗakin labarai kullum haka take faruwa, kuma na ga ba za ta zauna tana kuka ba.

Maki kuma ba sai kin rubuta ba. Ban san malaminki ba, ban san ma'auninsa ba. Aikin nake son gani da idona.

Ɗalibar aikin jarida: Na gode ƙwarai Hajiya, Allah ya ƙara girma. Amma bidiyon da ya fi kyau aikin rukuni ne, mu biyar muka yi. Zan iya saka shi?

Mai ɗaukar ma'aikata: Ki saka, amma ki faɗi gaskiya: mu biyar ne, ni na rubuta labarin na kuma tace bidiyon, wani ne ya ɗauka. Idan kika bari na zaci ke kika yi komai, ranar ganawa tambaya biyu za ta tona.

Malamin jami'a: Hajiya ta gama magana a kan zaɓe. Bari in ƙara ta ɓangarenmu na malamai, don nan ne ɗalibai suke shiga matsala ba da niyya ba.

Na farko, kar ki wallafa aikin da ba a gama dubawa ba. Jami'o'i da yawa suna bi da ayyuka ta Turnitin ko makamancinsa, wanda yake kwatanta rubutu da abin da ke intanet. Idan babin kundinki ya riga ya hau shafinki, yana iya fitowa a matsayin rubutun da ya yi daidai da na wani wuri. Za ki iya wanke kanki, amma me ya kai ki? Ki jira a sa hannu. Ko bayan nan ma ki tambayi sashenku ƙa'idarsu a kan wallafa kundi, kowace makaranta da nata tsarin. Taƙaitaccen bayani na shafi ɗaya da jadawali ɗaya ko biyu sun wadatar, ba wanda zai karanta babi biyar a waya.

Sai jingar da ake maimaita wa kowane aji duk shekara. Idan kika saka tambayar da amsarki a fili, kin ajiye wa ƙannenki abin kwafa, kuma wasu makarantun suna ɗaukar wannan laifi ne a kan wanda ya wallafa. Wannan ya fi shafar 'yan kwamfuta, su da suke zuba kod, wato rubutun manhaja, a GitHub. Saƙo ɗaya ga malamin darasin ya raba gardama. Ni ban taɓa hana ɗalibin da ya tambaye ni ba, iyaka in ce ya cire takardar tambayar.

Abin da ya fi damuna shi ne mutanen da ke cikin aikin. Wanda kika yi hira da shi kika ce masa aikin makaranta ne, malami kaɗai zai gani, ya saki jiki ne a kan wannan alkawarin. Ɗora muryarsa ko fuskarsa inda duniya za ta gani wata magana ce daban. Ki koma ki nemi izininsa, ya fi kyau a rubuce ko da saƙon waya ne. Idan yara ne, sai da yardar iyayensu. Wanda ba ki same shi ba, ki cire sunansa ki rufe fuskar, ko ki haƙura da aikin. 'Yan rukuninku ma ki sanar da su kafin sunayensu su hau.

Ɗan aji biyu: Malam, Allah ya saka. Ni tambayata, mu da muke farko-farko, mu jira sai ajin ƙarshe?

Malamin jami'a: Ka buɗe folda yau. Duk ƙarshen zangon karatu ka jefa aiki ɗaya ko biyu a ciki, da 'yan layukan da Hajiya ta ce, tun abin yana sabo a kanka. Bayan shekara biyu ba za ka tuna dalilin da ya sa ka yi abu kaza ba. Ka ajiye har daftarin farko, wani lokaci nuna na farko kusa da na ƙarshe ya fi kowane bayani.

Mai rubuta manhaja: Ƙari a kan maganar Malam. Shafin farko na jinga yawanci yana ɗauke da lambar rajista, wani har da lambar waya da sa hannun malami. A cire shi kafin a mayar da fayil PDF. Hoton da aka ɗauka da waya kuma yana iya ɗauke da bayanin ainihin wurin da aka ɗauke shi a ɓoye a cikin fayil ɗin, a goge wannan kafin a ɗora. Masu kod, ku duba kar kalmar sirri ko mabuɗin wata manhaja ya bi ku. Goge shi daga baya ba ya isa, Git, manhajar da GitHub yake aiki da ita, yana riƙe da tarihin komai, dole a sauya mabuɗin gaba ɗaya.

Mai zane: Hotuna kuma a rage musu nauyi. Hoton kyamara guda yana iya kai megabait da yawa, goma a shafi ɗaya sai mai dubawa ya gaji da jira ya fita. Akwai Squoosh, a burauza yake aiki ba sai an sauke komai ba. Ni faɗin fiksel 1600 nake mayar da nawa, ido ba ya ganin bambanci a allo. Launi biyu, salon haruffa ɗaya, a bar fili ya sha iska. Kuma tunda wasu rahotanninki da Hausa ne, ki gwada ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a salon da kika zaɓa. Wasu salon ba su da su, sai ki ga harafin ya fito a karkace da wani siffa daban ko ɗan akwati. Noto Sans yana da su, Andika ma haka. A sunan fayil da adireshi dai ki bar haruffa marasa lanƙwasa, kar mahaɗin ya lalace wajen turawa.

Ɗalibar aikin jarida: Kiɗan da na saka a bayan shirin rediyon fa? Daga intanet na ɗauko.

Mai zane: Sauya shi. A aji ba wanda zai kula, amma YouTube yana gane kiɗa mai haƙƙin mallaka da kansa, yana iya toshe bidiyon ko ya ɗora masa talla. Akwai ɗakin sautuka na kyauta a cikin YouTube Studio. Ko ki nemi mai lasisin Creative Commons, wato izinin da mai abu yake ba jama'a su yi amfani da shi, ki karanta sharaɗinsa, yawanci sai kin ambaci mai shi.

Shugaban zaure: Masha Allah, an amfana. Ƙanwarmu, idan kin haɗa ki kawo mu gani kafin ki tura wa kowa.

Ɗalibar aikin jarida: Salam, na dawo bayan kwana huɗu. Google Sites na bi, da asusuna na kaina. Shida na zaɓa: rahotanni biyu, shirin rediyo ɗaya, jerin hotuna, bidiyon rukuni, da shafin da na bari fili sai an sa wa kundina hannu. Mutum uku na kira neman izini. Biyu sun amince, wata baiwar Allah ta ce ba ta so muryarta ta fita, don haka na cire wannan shirin duk da shi na fi so. Rubuta 'yan layukan nan ya fi gina shafin cin lokaci, dare biyu na yi a kansu. Na tura wa shugaba adireshin.

Shugaban zaure: Na buɗe a waya. Ya yi kyau, kuma yana hawa da sauri. Amma rahoto na biyu yana cewa in nemi izini.

Mai rubuta manhaja: Matsalar farko ce ta dawo. Shafin a buɗe yake, amma fayil ɗin da ke Drive yana kulle. Ki shiga wajen rabawa ki mayar da shi duk mai mahaɗi zai iya gani, gani kawai ban da gyarawa. Ke ba za ki lura ba saboda kina cikin asusunki. Ki buɗe tagar sirri ta burauza, ki danna kowane mahaɗi ɗaya bayan ɗaya kamar baƙuwa.

Mai ɗaukar ma'aikata: Ni ma na leƙa 'yata. Bayanin da ke ƙasan bidiyon ya yi daidai. Abu uku: na nemi inda zan tuntuɓe ki sai da na gangara har ƙasa, ki dawo da imel ɗin sama kusa da sunanki. Sannan jimlar farko ta "Game da ni" ta yi tsawo, ki faɗi abin da kika karanta da irin aikin da kike nema, shi ke nan. Jerin hotunan nan kuma ki ɗaga shi ya zama na biyu, ya fi rahoton da ke gabansa ƙarfi.

Ɗalibar aikin jarida: An gyara duka ukun Hajiya, na kuma buɗe fayil ɗin. Yaya, don Allah sake gwada rahoto na biyu daga wajenka.

Mai rubuta manhaja: Ya buɗe.