Wane suna za mu raɗa wa "hydration belt" da Hausa?

Jama'a, assalamu alaikum. Masu gudun dogon zango da malaman harshe, yau ku nake nema. Akwai wani abu da 'yan gudun fanfalaki ke ɗaurawa a ƙugu su ɗauki ruwan sha, Turawa na ce masa hydration belt. Ina rubuta ɗan bayani ne kan yadda mutum zai zaɓi wanda ya dace da shi, sai na ga duk inda na zo kansa dole na tsaya ina kwatance, "abin nan da ake ɗaurawa mai ɗauke da ruwa". In aka yi ta maimaita haka, mai karatu zai ƙosa. Gara mu samar masa suna mu huta.

Ga siffarsa ga wanda bai taɓa gani ba. Akwai mai ƙananan goruna biyu ko huɗu a jere, kowanne na cin kamar mililita 200 zuwa 300, kowanne da gurbinsa. Akwai mai gora ɗaya babba, wajen rabin lita, wanda ke kwanciya a karkace a gadon baya daga ƙasa. Sai na zamani, wanda ba shi da maɗauri ko kaɗan: yadi ne mai talewa, ka zura ƙafafu ka ja shi sama, aljihu ne zagaye da shi, a ciki ake cusa wata ledar ruwa mai taushi. Kamfanoni irin su Nathan da FuelBelt sun yi suna a kan na farkon, FlipBelt kuma a kan na ƙarshen.

Shawarwari sun fara shigowa, bari in bi su.

Yaya, ka ce "bel ɗin ruwa", a wuce wurin. Ba ni da ja da kalmar bel, ta daɗe da zama 'yar gida. Amma da ka ce bel, abin da ke zuwa wa mutum a rai shi ne na wando, mai huda da ƙarfe, wanda ake tamkewa a ciki. Shi kuwa wannan, in ka tamke shi a ciki ka cuci kanka, numfashi zai yi maka wuya, ruwan da ka sha ya yi ta taso maka. A kan ƙasusuwan kwankwaso yake zama, ƙasa da cibiya. Ɗamara ta fi kusa da shi, domin ita ake ɗaurawa a kan tufafi idan za a shiga aiki mai wuya.

To, mafi yawanku "ɗamarar ruwa" kuka ce, kuma ba shakka ta fi daɗin faɗi. Matsalata da ita guda ce. A Hausa, in aka jingina abu da ruwa, wani lokaci ana nufin ruwan yana cikinsa, kamar tulun ruwa da tankin ruwa, wani lokaci kuma shi abin ne ke cikin ruwan ko yake kare mutum daga ruwan, kamar jirgin ruwa da rigar ruwa. Tulu dai kowa ya san mazubi ne, ba mai ruɗewa. Ɗamara ba mazubi ba ce. Wanda ya ji "ɗamarar ruwa" karon farko zai iya ɗauka ta masu iyo ce. Kuma abin da ya ƙara dagula lissafin, akwai irin wannan ɗin, su 'yan gudun ne ma ke amfani da ita: wata ɗamara ce ta soso mai kauri da mai rauni a gwiwa ko a ƙafa ke ɗaurawa ya shiga wurin iyo mai zurfi, ta riƙe shi a tsaye, ya yi ta gudu a cikin ruwa ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Ita ce ta cancanci sunan ɗamarar ruwa. In muka ba wannan sunan yau, gobe da me za mu kira waccan?

Sai masu son a bi kalmar Turancin sau da ƙafa. Na ga "ɗamarar shayar da jiki", na ga "ɗamarar hana bushewar jiki", wata 'yar'uwa kuma ta kawo "kashe-ƙishi". Hajiya, taki ta fi sauran armashi nesa ba kusa ba, sai dai ta fi kama da sunan abin sha. Sauran biyun kuwa kafin ka gama faɗa abokin gudunka ya sha kwana.

Amma ba tsawon ne babban abin da ya hana ni su ba. Kalmar nan ta Turanci, hydration, wato shayar da jiki, kalmar talla ce, tana ɗauke da wani umarni a ɓoye: sha, ƙara sha, kada ka bari ƙishirwa ta riga ka. An daɗe ana gaya wa 'yan gudu haka, har aka gano cewa yawan shan ma kisa yake. Idan mutum ya ɗura ruwa fiye da abin da yake fitarwa ta gumi, sinadarin sodiyam da ke jininsa sai ya tsinke, ya fara jiri da amai da ruɗewa, in abin ya yi tsanani ƙwaƙwalwa ta kumbura. A tseren fanfalaki na Boston na 2002, likitoci sun auna jinin 'yan gudu 488 bayan sun gama, suka tarar kashi 13 cikin 100 na da wannan matsala. An buga sakamakon a mujallar New England Journal of Medicine a 2005. Waɗanda abin ya fi kamawa su ne waɗanda nauyinsu ya ƙaru a lokacin tseren saboda sha, da waɗanda suka haura awa 4 a kan hanya.

Ku lura da wannan na ƙarshen, domin su ne masu sayen abin da muke nema wa suna. Gwanaye ba sa ɗaura komai. Ranar 12 ga Oktoba 2019, da gwanin gudun nan na Kenya, Eliud Kipchoge, ya cinye kilomita 42.195 a Vienna cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40, daga kan keke ake miƙo masa gorarsa, wanda yana cikin dalilan da suka sa ba a lissafa gudun a matsayin tarihin duniya ba. A sauran manyan tsere ma, kowane gwani na da gorarsa a kan tebur tana jiransa. Mai ɗaura ruwa a ƙugu shi ne ni da kai, masu jan ƙafa awa huɗu ko biyar, ruwa na hannunmu, lokacin sha kuma ga shi har ya yi yawa. Ban ga dalilin da za mu raɗa suna mai ƙara zuga irin wannan mutum ba. Sunan ya faɗi abin da aka ɗauka kawai, batun sha a bar wa ƙishirwa da ma'auni.

Tunda na ambaci ma'auni: hau sikeli kafin ka fita, ka yi gudun awa ɗaya, ka goge gumi ka sake hawa. Duk kilo ɗaya da ya ragu, kusan lita ɗaya ce ta gumi, sai ka haɗa da abin da ka sha a hanya. Mutane sun bambanta ƙwarai, wani rabin lita a awa, wani har lita biyu in rana ta buɗe. Wannan lissafin ne zai gaya maka goruna nawa kake bukata, tare da nisan da ke tsakanin wuraren da za ka iya sake cikawa. A tseren titi da aka tsara bisa ƙa'ida, ana samun teburin ruwa kusan duk bayan kilomita 5, don haka a ranar tsere da yawa ba sa ɗaukar komai. A dogon gudun atisaye ne abin ke da rana. Kuma ka tuna lita ɗaya kilo ɗaya ce, a ƙugunka za ta zauna.

Baba, Allah ya ƙara girma, "salkar ƙugu" da ka kawo ta tsaya mini a rai. Ina roƙon ka ara mana kalmar, amma mu kai ta inda ta fi dacewa. Salka, jakar fatar nan ta ɗaukar ruwa, ba ta da ƙashi, in ruwa ya ragu sai ta lotse. Haka ledar ruwan nan mai taushi take, haka kuma babbar da ake goyawa a baya mai tiyo, mai cin lita ɗaya da rabi ko biyu. Asalin ta bayan ma abin dariya ne: a ƙarshen shekarun 1980 wani ma'aikacin agajin gaggawa mai suna Michael Eidson ya shiga tseren keke na mil 100 a Texas, ya cika ledar ƙarin ruwa ta asibiti da ruwan sha, ya cusa ta cikin safa ya maƙala a bayan rigarsa, yana zuƙa ta tiyo. Daga nan aka sami CamelBak, kamfanin da ke yin irin wannan jakar ruwa ta goyawa. Wannan kam salka ce, ko ba a gaya maka ba. Rigar da ake saka ta a ciki kuwa, marar hannu, mai aljihu a ƙirji, falmaran ce, sai mu ce falmaran salka.

Wanda ya ce "goyon ruwa", na ji, na kuma yi dariya. A baya ake goyo.

Ni dai inda na tsaya shi ne ɗamarar gora.

Dalilina, duk wahalar zaɓen abin nan a kan gorar take. Ɗamara marar kaya kowacce lafiya lau take zama, shi ya sa gwajin da ake yi da ita fanko ba ya nuna komai. Cika gorunan taf, ɗaura, ka yi tsalle a wuri ɗaya. In gorar na dukan ƙashin bayanka tun yanzu, ka ƙiyasta yadda za ta yi maka bayan awa biyu. Sannan ka zaro ta da hannu ɗaya, ka kurɓa, ka mayar ba tare da ka waiwaya ba. Wata fita ba wuya, komawa ce aiki, sai ka ga mutum na gudu yana lalube a bayansa da hannu biyu. Wata kuma gurbin ya yi mata yawa, da ka yi tuntuɓe ta yi tsalle ta bar ka. Mai goruna biyu, a riƙa sha daga dama da hagu bi da bi, in ba haka ba nauyi ya koma gefe ɗaya ɗamarar ta fara juyawa. Gora mai tauri in ta kai rabi sai ta kama kacal-kacal, wasu ba sa damuwa, wasu kuwa ƙarar na hana su sakat, su sai salka, tunda ita ana iya matse iskar a fitar. A duba bakin kuma, ko yana da faɗin da za a wanke ciki, musamman ga mai zuba abin sha mai sukari.

Abin da ya rage na ɗamarar ne, kuma bai da yawa. A auna kwankwaso, kada a bi lambar wando. A shafa cikinta da yatsa a ji ko akwai ɗinki mai kaushi, domin in gumi ya jiƙa shi, shi ne zai saluɓe maka fata. Aljihu ya ci wayarka da makulli, ya kuma rufu.

Malam ya kawo ƙorafi biyu masu ma'ana. Na farko, gora ai sanda ce kuma. Gaskiya ne, Malam, a rubuce ɗaya suke, amma a baki furucinsu ya bambanta, kuma ban zaci wanda ke karanta labarin gudu zai ɗauka sanda aka soke a ƙugu ba. Na biyu, wasu "goran ruwa" suke cewa, wasu "gorar ruwa", to wanne za a bi? Nan ma sunan ya fisshe mu, tunda gora ce a ƙarshe, ba a jingina ta da komai ba. Jam'i kuwa ɗamarun gora. In ana son bambancewa, a ce mai gora ɗaya, mai gora biyu, ta yadin nan kuma ɗamarar salka.

Mu gwada a jimla mu ji ko za ta zauna. "Gudun yau bai kai awa ɗaya ba, gorar hannu ta ishe ni." "Gobe kilomita 25 ne, sai da ɗamarar gora." "Wanda zai shiga tseren UTMB, mai zagaye dutsen Mont Blanc wajen kilomita 170, doka ta ce ya ɗauki aƙalla lita ɗaya tare da sauran kayan dole, don haka ɗamara ba za ta yi masa ba, sai falmaran salka." Ni dai ban ji ta yi tuntuɓe ba, da ita zan yi rubutun.

Saura bakin salkar nan na roba, wanda sai ka cije shi ruwa ke fitowa, ka saki ya rufe kansa. Ni "cizau" nake so. Wanda ke da wadda ta fi ta, bismillah.