Masu karanta mana labari da murya, ku zo mu ji yadda kuke fama

Uwar zaure:
Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka. Sababbin shiga sun dame ni da tambaya a gefe, kowa na son ya fara karanta labaran zauren nan namu na mutanen Maraɗi da murya, ni kuma bakina ya gaji da maimaita amsa ɗaya. Don waɗanda ba su san asali ba: mu masu bin wani shirin talabijin ne mai dogon zango, kuma in marubutan shirin sun kashe wanda muke so ko sun aurar da yarinya ga wanda bai dace ba, sai mu zauna mu rubuta namu ci gaban. Karatu da murya ya samo asali ne a watan Agusta 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulki. Talabijin ta zama kayan ado, dare ya yi tsawo, sai wata a cikinmu ta ɗauki salula ta karanta babi guda ta turo. Har yau ba mu daina ba. To duk wanda ya taɓa yi, ya faɗi abin da ya gani da idonsa, ban da ji-ta-ji-ta.

Mai ɗinki ta Bagalam:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni ce wadda ta turo babin farkon nan, kuma don Allah duk mai shi a waya ya goge. Na saurare shi kwanan baya, kunya ta kama ni. A tsakar gida na yi shi, akuyar maƙwabta tana amsa mini kamar mai amshin waƙa, kabu-kabu na wucewa, ga injin niƙa na bayan layinmu. Daga baya na koma ɗaki na rufe ƙofa, sai na ga wata sabuwa: ɗakin siminti ne da rufin kwano, murya tana dukan bango ta dawo kamar daga cikin rijiya. Abin da ya fisshe ni shi ne ɗakin kakata, ginin ƙasa ne, ga katifa ga labule ga tulin zannuwa. Can murya take zama daram. In ba ku da irinsa, ku buɗe sif ɗin kaya ku fuskance shi, ko ku jingina katifa a bangon da kuke kallo. Tufafi suna shanye amsa-kuwwa.

Fanka kuwa dole a kashe ta, kunne ya saba da ƙararta amma waya ba ta yafe mata. A watan Afrilu da Mayu, zafi ya haura 40, ƙofa a rufe, fanka a kashe, minti 15 kawai nake iyawa in fito kamar wadda aka tsamo daga Gulbi.

Ƴar jami'a:
Tanti, wallahi ni ma ɗakin kwanan ɗalibai ya gagare ni. Bayan sallar asuba nake yi, kafin gari ya waye sosai, ko kuma can bayan 11 na dare. Asuba ta fi daɗin murya amma zakaru ne matsalar.

Mushe na Zariya:
Daga unguwar Zariya ta nan Maraɗi, ku bar ni in shigo da abin da na fi sani, tunda aikina koyarwa ne. Wahalar da ta fi ta ɗaki ita ce ta rubutun kansa. Mu nan da Faransanci muka yi lakwal, wato makarantar boko. Yaro ya iya karanta jarida da Faransanci tsaf, amma ka miƙa masa shafin Hausar boko sai ya riƙa tuntuɓe, don ya saba ganin "ou" a wurin "u", da "tch" a wurin "c". Maraɗi da kanta a takardun gwamnati ba ta da lanƙwasar nan ta ɗ. Shi ya sa da yawa a zauren nan ba sa buɗe rubutun, jiran murya suke.

Sannan masu rubutu a waya ba sa sa ƙ da ɗ da ɓ, alhali Gboard, allon rubutu na waya, yana da Hausa, saukewa kawai za a yi. Ko an sa su ma, boko ba ya nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya. Ga abin da ya same ni. A wani babi an rubuta "ta fasa kuka". Na ja wasalin, na karanta shi da ma'anar ta haƙura ba ta yi kukan ba, har na sassauta murya kamar mai yaba dauriyarta. Ashe marubuciyar nufinta yarinya ta ɓarke da kuka ne. Layi na gaba sai ga uwa tana share mata hawaye, ni kuma na riga na tura. Haka "baki sun cika gidan", sai ka tsaya ka gane baƙi ake nufi. Tun daga ranar ba na danna ɗauka sai na karanta babin sau 2 a zuci, in kwafe wuraren tarko a takarda in ja musu layi.

Mai ɗinki ta Bagalam:
Mushe, ashe kai ne mai "ta fasa kuka"! Mun yi sati muna dariya a shago, ban san muryarka ba ce.

Ɗan caji na bakin kasuwa:
Ni ba na karatu, amma duk abin da kuka karanta ta hannuna yake bi, don mata da yawa katin memwar suke kawowa in zuba musu. Roƙona biyu ne. Na farko, ku daina danna alamar makirfo ta WhatsApp kuna karanta babi guda. Kira ɗaya ya shigo ko yatsa ya zame, aikin minti 20 na iya tafiya. Kuma saƙon muryar WhatsApp nau'insa Opus ne, ƙananan wayoyi masu maɓalli da rediyon kati da yawa ba sa buɗe shi, sai na zauna na juya shi zuwa MP3. Ku yi amfani da manhajar ɗaukar murya ta cikin wayar, ku sa ta a yanayin jirgin sama tukuna, waya kamar taƙi ɗaya daga baki, ɗan gefe kaɗan don kada iskar "f" da "b" ta riƙa bugunta.

Na biyu, nauyi. Wani ya taɓa turo mini babin minti 30 a nau'in sauti na WAV, kusan mega 300. Wa zai ƙona forfe ɗinsa, wato datarsa ta intanet, a kan wannan? MP3 mai 64 kbps, layin sauti ɗaya, minti guda bai cika rabin mega ba, wato minti 30 wajen mega 14 ke nan, kuma ga maganar baka ya wadatar. Mai kwamfuta ya sauke Audacity, kyauta ce, da ita ake yanke tari da gyaran murya. Sannan ku sa wa kowane babi suna da lamba: 01, 02, 03. In kun rubuta 1, 2, har 10, wata wayar sai ta jera 10 a bayan 1, tsohuwa ta ji mutuwar mutum kafin ta ji aurensa.

Maman biyu, Ali Ɗan Sofo:
Ni daga unguwar Ali Ɗan Sofo, tawa matsalar ba ta na'ura ba ce. Rubutu yana da sutura, ka sa sunan da ka ga dama ba mai sanin kai ne. Murya ba ta da mayafi. Na karanta wani babi da ke da hirar miji da mata, ba wani abin ashsha a ciki wallahi, irin "ranka ya daɗe" da shagwaɓa ne kawai. Kwana 4 sai ga shi a wayar ƙanwar maigidana a Tasawa, da tambarin nan na an tura sau da yawa. A wajen suna ta matso kusa da ni ta maimaita mini layin da irin muryata, gaban uwar mijina. Ƙasa ta ƙi tsagewa in shige. Maigidan bai yi faɗa ba, cewa ya yi in dai zan ci gaba, shi zai fara ji kafin kowa. Yanzu haka ake yi, kuma ya zama mai gyara, har cewa yake na yi sauri a wuri kaza.

Ƙannena mata, kafin ku tura ku ɗauka cewa babanku zai ji. Abin da ya fita daga zaure ba ya dawowa.

Ƴar jami'a:
Gaskiya ne Anti. Ni shi ya sa ba na faɗin sunana a farko, sunan labari da na marubuciya da lambar babi kawai.

Amma ina da tambaya ga manya. Marubutanmu biyu ƴan Kano ne, ɗaya ƴar Katsina. In na ga "suka tafi" bakina "sunka tahi" yake so ya ce. In na matsa wa kaina Kananci sai in ji kamar na ari zanen da bai kai mini ba, numfashina ma ya rikice. In na saki harshena kuma sai in ji kamar na taɓa kayan mutane. Ya kuke yi?

Mushe na Zariya:
Ƙanwata, ni ra'ayina a karanta yadda aka rubuta. Mai rubutu ta zaɓi kalmominta. In kin mayar da "fura" "hura" yau, gobe wani zai ga wata kalma ba ta yi masa ba ya canza, jibi a canza ƙarshen labari.

Mai ɗinki ta Bagalam:
Mushe, a nan kam ban bi ka ba. Wa muke karanta wa? Kakata da ba ta taɓa zama aji ba, ita ce ta fi kowa jiran babi. Ran da na karanta mata da Hausar Kano tsantsa, cewa ta yi "wannan ɗiya mi ya samu bakinta?" Ta ɗauka labaran rediyo nake. Da na sake shi da harshenmu, sai ga ta tana zagin mugun cikin labarin tana tafa hannu. Kalma ban canza ba, lafazi ne kawai. Ai ko waƙa ce, kowa da maƙogwaronsa yake rera ta.

Inda na yarda da kai shi ne Ingilishin da suke cusawa. Nan kam ba na taɓawa sai na tambaya, don wani lokaci ni kaina ban san abin da ake nufi ba. Haka kuɗi: in an ce an ba yarinya naira dubu kaza, tsofaffi sai sun tsayar da ni sun tambaya jika nawa ke nan a kuɗinmu na sefa.

Marubuciya daga Katsina:
Salamu alaikum mutanen Maraɗi, tunda an taɓo mu bari in sa baki. Ni dai ran da na fara jin labarina da "munka" da "sunka", hawaye na yi, don haka kakata ta wajen Jibiya take magana. Ban ji an rage mini komai ba. Abin da ya ƙona mini rai daban ne: wani ya kwashi babi 9 na wani labarina, ya karanta, ya ɗora a YouTube da hoton ƴan wasan shirin, babu sunana ko a ƙarshe, har da lambar da za a tura masa kuɗi don ci gaba. Ni da na rubuta ban karɓi ko dala ba, don taurarin labarin ba nawa ba ne, na masu shirin ne, aro na yi don nishaɗi. Shi kuma ya ari kayan aro ya kai kasuwa.

Sharaɗina uku ne ga mai son karanta nawa: ya tambaye ni, ya faɗi sunana a farkon kowane babi, kada ya sayar. Lafazi kuwa ku yi da naku. Ingilishin ma ku turo mini in ba ku Hausarsa, laifina ne da na sa shi.

Mushe na Zariya:
To, tunda mai kaya ta yafe, ni wa? Na janye rabi. Amma maganar mutanen cikin labari fa? In an ce mutumin Bakano ne ɗan kasuwar Kwari, a ji shi yana "yac ce, tac ce"?

Maman biyu, Ali Ɗan Sofo:
Ni abin da nake yi ke nan: bayanin mai ba da labari da harshena, maganar Bakano da Kananci gwargwadon iyawata. Hakan ma yana taimaka wa mai sauraro ya gane wa ke magana ba tare da na ƙaƙale murya ba. Da can ina kumbura murya in yi ta maza, kwana 2 maƙogwaro na ciwo, kuma yarana suna bayan ƙofa suna kwaikwayona. Yanzu ɗan jinkiri kawai nake ba namiji, in ɗan saukar da murya, mace kuma in sake ta yadda take. Ruwa mai ɗumi a kusa, ban da na randa mai sanyi. In an kira salla kuma in tsaya cak, in jira a idar, in ɗora daga farkon jimlar don wajen haɗawa ya yi sauƙi.

Wata mai sauraro daga Tibiri:
Ni ban iya karatu ba, ɗiyata ce ke rubuta mini wannan. Ina jin ku ina daka, ina jin ku ina wanki. Abu ɗaya nake roƙo, ku bar sa kiɗan nan a ƙarƙashin magana, yana cinye muryar in waya na nesa. Kuma wadda ta karanta babi na 11 ta tsaya daidai inda aka buga ƙofa, yau kwana 8. Ko lafiya?

Ƴar jami'a:
Inna, ki yi haƙuri, ni ce. Jarrabawa ta riƙe ni. Na ɗauki rabi, saura rabi.

Uwar zaure:
To ƴar jami'a, ranar Juma'a muke jira, ban da kiɗa. Ɗan caji, a juya wa Inna shi zuwa MP3. Babi na 12 yana da maza uku suna gardama a tasha, Mushe naka ne, kuma na duba, akwai "fasa" har wuri biyu a ciki.