Me za mu kira "draft pick" da Hausa? Gobe shirin zai fita

Ɗan Rediyo: Jama'a a taimaka, gobe da yamma nake da shirin wasanni. Zan yi bayanin musayar da aka yi a gasar ƙwallon kwando ta Amurka, NBA, a Fabrairun 2025, lokacin da Dallas ta ba Lakers Luka Doncic ana tsakiyar kaka, ta karɓi Anthony Davis da Max Christie da "draft pick" na zagayen farko na 2029. Wannan na ƙarshen ne ya tsaya min a wuya.

Baban Ummi: Ƙuri'a.

Malama Bazazzagiya: A'a. Akwai ƙuri'a ta gaske, wadda ake jefa wa ƙungiyoyi 14 da suka kasa tsallakewa zuwa wasannin neman kofi na ƙarshen kaka, wato "playoffs", don a san wa zai fara ɗaukar sabbin 'yan wasa. Dallas ɗin ma ita ta cinye ta 2025 da damar kashi 1.8 cikin ɗari, ta ɗauki Cooper Flagg. In ka kira duka biyun ƙuri'a, mai sauraro zai rikice. Ni "gurbin ɗauka" zan ce.

Baffa: Kun bar jaki kuna dukan taiki. Tun daga "musaya" aka yi kuskure. Kalmarmu ita ce furfure. Ka kai dokinka kasuwa, ka karɓi na wani, a yi maka ciko. Davis ne dokin, abin 2029 ɗin shi ne cikon.

Baban Ummi: Baffa, in ya ce furfure yara za su zaci furfurar LeBron ake nufi 😂

Baffa: Ka ga matsalar kenan. Yaran da suka haddace 'yan wasan Lakers amma ba su san kalmar kakanninsu ba.

Ɗan Damagaram: Gaskiyar Baffa. Mu nan dattawa na faɗin furfure a kasuwar dabbobi. Ku da kuke alfahari da daidaitacciyar Hausa rabinta Turanci ne.

Baban Ummi: Wanda ke cewa "lakwal" yana nufin makaranta shi zai yi mana gorin aro?

Ɗan Rediyo: Don Allah a dawo kan hanya. Ciko ya bayyana matsayinsa a cinikin, amma bai faɗi mene ne shi ba.

Malama Bazazzagiya: Wahalar ita ce ba mutum aka ba Dallas ba, dama ce ta zaɓar yaron da yanzu wataƙila yana sakandare. Darajarta ma ta danganta da halin Lakers a 2029. In sun lalace, gurbin ya hau sama. In Luka ya riƙe su, ya faɗo ƙasa. Mai neman kofi bana yakan sayar da gobensa, wanda ya fid da rai ya tara gurabu.

Baffa: To ai saniya ce aka sayar da ɗan cikinta. A kira shi "ɗan tayi".

Ɗan Rediyo: Baffa, in na ce an ba Dallas ɗan tayi a rediyo, wayoyin malamai ba za su bar ni in ƙarasa shirin ba.

Baban Ummi: Wai "playoffs" fa? Sili-ɗaya-ƙwale?

Malama Bazazzagiya: Ba sili ɗaya ba ne, sai ka ci wasa huɗu cikin bakwai. A 2025 Minnesota ta fitar da Lakers 4 da 1 a zagayen farko, da Lukan da komai. Dallas kuwa Memphis ce ta tare ta tun a ƙofa. Ka ce zagayen fitar da gwani.

Ɗan Rediyo: Na ɗauki wannan. Kuma zan ce "gurbin ɗaukar sabon ɗan wasa" sau ɗaya, daga nan "gurbi" kawai. Na gode, Malama.

Baffa: Gurbi na kaza ne. Furfure fa?

Ɗan Rediyo: Zan faɗe ta sau ɗaya a buɗe shiri, in ce daga Baffa take.

Baffa: Sau biyu. Kuma ka furta ta daidai.