Kuɗin adashi ɗaya, rami biyu: sola zan sa a gidan kallo ko in mayar da adaidaita CNG?

Baban Ilham, Kano

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, amma don Allah daga waɗanda suka taɓa abin da hannunsu, ba waɗanda suka ji a rediyo ba.

Ina da gidan kallon ƙwallo a unguwarmu, shekara takwas ke nan. Rumfar kwano ce, benci goma sha biyu, talabijin uku, dikoda biyu, fankar sama shida. Ina kuma da adaidaita sahu ɗaya da ƙanena yake ja yana kawo min balas kullum da daddare. Da su biyun nake riƙe gida. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, lissafina bai sake zama daidai ba. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. Ranar Asabar idan na tayar da janareta tun wasan farko na rana, ba ya hutawa sai wajen goma na dare, kuma lita tara zuwa goma yake sha. Na ƙara kuɗin shiga, yara suka koma leƙe ta ramin kwano. Shi ma ƙanena rabin abin da ya samu a gidan mai yake barinsa, sai mu zauna da daddare muna kallon juna, ni ina jin nauyin tambayarsa, shi yana jin nauyin miƙo abin da ya rage.

Amma ba kuɗin ne ya sa na zauna rubutun nan ba. Janaretan a bayan rumfa yake, jikin katangar maƙwabciyarmu, wata dattijuwa da duk layin muke kira Inna. Tana da asma. Shekaranjiya ta aiko jikanta da labulen tagarta a ninke cikin leda, ba saƙo, ba faɗa. Na warware shi, farin leshi ne amma gefen da ke kallon rumfata ya koma kalar gindin tukunya. Na goga yatsa, ya fito baƙi. Wallahi da zagina ta aiko aka yi da ya fi min sauƙi.

To ƙarshen watan nan zan kwashi adashi, kuma abu ɗaya kawai zai iya. Wasu sun ce in sa sola a gidan kallo, wasu sun ce in kai adaidaita a juya ta zuwa gas na CNG, riba ta fi fitowa da wuri. Wanne zan fara? Sannan akwai ta uku da ba ta kuɗi ba ce sosai: duk daren babban wasa sai na share buhu guda na ledar fiya-wata, wadda ta kuɓuce kuma ta tafi kwata. Da damina ruwa ya tsaya a ƙofar gidaje uku, har mai unguwa ya yi min magana. Ya kuke yi da wannan?

Bakanike Kakuri

Wa alaikumus salam Malam. Ni gareji nake, kuma motata da gas take tafiya sama da shekara, don haka bari in faɗi abin da na sani.

Da farko mu raba abu biyu da mutanenmu suke haɗawa. Gas ɗin girki daban, CNG daban. Na girki ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwantawa ya taru. CNG kuwa iskar gas ce ta ƙarƙashin ƙasa da aka danne ta da ƙarfi sosai, wajen bar 200 a ma'aunin danniya, ta fi iska rashin nauyi, in ta fita sama take yi. Wannan danniyar ita ce dalilin da ya sa ba a wasa da tukunyarta. Tukunya ce ta musamman, ƙarfe ɗaya ba walda a jikinta, da kwanan wata da lambar gwaji. Fashewar da aka yi a wani wurin cika gas a birnin Benin na jihar Edo a watan Oktoban 2024, tukunyar da aka haɗa da walda ce aka ɗaura wa motar. Duk wanda ya ce zai yi maka da araha a bakin titi, ka riƙe kuɗinka. Araha ba ta ado.

Amfani kam akwai. Hayaƙi ya ragu sosai, fulogi ba ya yin baƙi da wuri, baƙin mai ya fi daɗewa da tsabta, kuɗin tafiya kuma ya faɗi ƙasa da rabi a wurina. Ba sabon abu ba ne a duniya. Birnin Delhi na Indiya, ƙasar da ake ƙera Bajaj da TVS ɗin da muke ja, kotun ƙolinsu ce ta ba da umarni a 1998 a mayar da bas-bas da kekunan haya kan CNG saboda hayaƙi ya hana mutane numfashi.

Inda gizo ke saƙar shi ne wurin cikawa. Bututun da zai kawo gas Arewa, wato na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614, a 2020 Buhari ya ƙaddamar da aikinsa. Duk gas ɗin da na taɓa sha a nan tirela ce ta ɗauko shi daga Kudu, ranar da tirela ta makara sai layi. Ni mai mota ina iya komawa fetur in yi haƙuri. Mai adaidaita da zai ɓata awa uku a layi ya yi asarar lodin safe gaba ɗaya. Ga tukunyar adaidaita ƙarama ce, kusan kullum sai an cika. Kafin ka kashe ko sisi, ka tura ƙanenka ya je wurin cikawa mafi kusa da ku kwana bakwai a jere, ya ga sau nawa ya tarar da gas, ya kuma tambayi 'yan adaidaitan da ke layi tun yaushe suka zo.

Maman Khalifa

Baban Ilham, ni dai sola zan ce, kuma ba don labulen Inna kaɗai ba, ko da yake ya isa dalili. Zoɓo da kunun aya nake yi, firiza biyu ne da ni a kan sola yau shekara biyu. Rana ba ta da layi, ba ta jiran tirela.

Amma ka ji kuskuren da na yi don kar ka maimaita. Na fara da batir mai ruwa guda biyu saboda sauƙin kuɗi. Mai haɗawar bai gaya min ba a son a zuƙe su fiye da rabi, ni kuma kullum sai sun yi ƙara sun mutu nake kashewa. Wata goma sha ɗaya suka yi. Na zama wadda ta sayar da kare ta sayi biri. Da na koma na litiyam na huta, duk da tsadarsa sai da ta sa na sayar da 'yan kunnena.

Kai ka fara da rage lodi kafin ka sayi komai. Fankokin samanka shida sun fi talabijin ɗinka uku cin wuta, je ka duba. Tsohuwar fanka tana jan wat 70 ko fiye, shida 420 ke nan. Talabijin na zamani babba wajen wat 100 ne. Ka canza su zuwa fankokin DC, irin na sola, masu jan wat 30, ka ga lodinka duka har dikoda da ƙwai bai kai 600 ba. Wasannin rana farantan sola kai tsaye za su riƙe, batir na wasan dare ne kawai. Kuma da hunturu ka sa yaro ya riƙa goge farantan duk bayan kwana biyu, ƙura tana cinye wuta fiye da yadda kake tsammani. Ni sai da firizata ta daina ƙanƙara a watan Janairu na hau tsani na ga farantan sun yi kamar an barbaɗa musu garin tuwo.

Wani abu da ke damuna, tunda maganar lafiya ake. Matattun batiran nawa 'yan gwangwan ne suka saya, a gabana yaron ya tuntsurar da ruwan ciki a kwata don ya rage nauyi. Dalma ce a ciki. Gubar dalma ita ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010. Tun ranar nake cewa duk mai canza batir ya mayar wa dilan da ya sayar masa.

Leda kuwa, ka ajiye babbar kula da famfo a jikinta da kofunan silba, ka saka kuɗin ruwan cikin kuɗin shiga. Sai dai a sami mai wanke kofi da sabulu, in ba haka ba an gudu ba a tsira ba.

Sarkin Yaƙin Arsenal

Ku dai kuna da daɗin baki. Muhalli maganar wanda ya ƙoshi ce. Mutumin da gas ɗin girki ya gagara ya koma gawayi, za ka ce masa kar a sare itace? Alhaji ka yi wanda zai dawo maka da kuɗinka da wuri kawai. Kuma in ka sa sola ka tabbata ba za ta ɗauke ana bugun fenareti ba, don mu ba ma yafiya.

Ɗan Maraɗi

Sarkin Yaƙi, maganarka da gaskiya a ciki, amma mu nan Nijar ba ƙoshi ya kai mu ga sola ba, dole ce. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Najeriya ta yanke muna wuta, alhali mafi yawan wutar da muke sha daga can take zowa. A watannin nan duk mai ɗan hali ya ɗora faranti bisa soro, masu cajin waya da masu gidan kallo su ne na gaba. Da wuta ta dawo ba wanda ya sauke nashi.

Leda kuma ba a jiran doka, Baban Ilham. Mu tun 2014 aka yi dokar hana shigowa da ita da saida ta, amma ka shiga kasuwa ka gani, tumatir na dala ma a baƙar leda za a ba ka. Ruwanda da ta hana a 2008 da Kenya a 2017 sun bi doka da hukunci ne, shi ya sa tasu ta kama. Babana mahauci ne. Ina yaro na sha ganin an farke tumbin akuya an jawo leda a murɗe kamar igiyar guga, dabba ta rame mai ita yana ta sayen magani bai san cikinta a cike yake ba. Shi ya sa har yau da kwando nake zuwa cefane, ana yi min dariya.

Baban Ilham, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na yi shiru ne don in dawo da abin da na gani.

Malam Bakanike, na bi shawararka. Ƙanena ya yi zarya kwana bakwai. Kwana huɗu ya tarar ana cikawa, uku babu. A ranakun da akwai ɗin ma, wani ɗan adaidaita ya ce masa tun bayan asuba yake layi, lokacin kuwa hantsi ya dubi ludayi. Ya dawo ya ce min, Yaya, ni dai a bar ni da fetur ɗina tukuna. Mun ajiye maganar, ba mu binne ta ba.

Hajiya, kin yi gaskiya kan fankoki, ban taɓa kawo su a raina ba. Na shiga Sabon Gari na sayo na DC guda huɗu, sauran biyun sai wata mai zuwa. An ɗora faranti huɗu a kan rumfa, sai da aka ƙara katako biyu saboda kwanon ya tsufa. Batir na litiyam ne mai kilowat-awa 5. Adashin bai isa ba, na sayar da babban janaretan na cika, na bar ƙarami a kulle a ɗaki saboda ranar hadari. Sarkin Yaƙi, wannan don kai ne.

Daren Laraba aka yi gwajin gaske, wasan zakarun Turai, rumfa cike har bakin ƙofa. Abin da ya fara ba ni mamaki shiru ne. Shekara takwas ina ƙure sautin talabijin don ya danne ƙarar inji, ranar sai da wani ya ce Alhaji a rage, kunnenmu. An tashi wajen sha ɗaya saura, batir na nuna saura kashi 46 cikin ɗari. Na zagaya baya don rufe ƙofa, na tarar tagar Inna a buɗe, rediyonta na yi a hankali. Labulen na sa an wanke sau biyu bai fita ba, na sayo mata wani.

Kula da kofuna kuwa ba su karɓu ba tukuna. Samari sun ce ba za su sha kofin da wani ya sa baki ba, kuma mai sayar da fiya-watan ƙofa ɗan yayata ne, ba zan kore shi ba. Abin da na yi, na rataye buhu a ƙarshen kowane benci, duk yaron da ya cika buhu ɗaya da leda ya kalli wasa kyauta. Yanzu har rigima suke a kan ledar da ke ƙasa. Buhu tara ne jingine a bayan rumfa inda janareta yake a da. An ce min akwai masu saye a kilo suna narkawa. Wanda ya san inda suke a Kano da yadda suke biya ya taimaka min, kafin Inna ta sake aiko jikanta.