Kwana uku a Lima: daga ina ya kamata baƙo ya fara?

Baban Zainab:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni malamin aikin gona ne, kuma a watan Agusta mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan halarci kwas na mako biyu a kan irin dankali a cibiyar binciken dankali ta duniya da ke unguwar La Molina a birnin Lima na ƙasar Peru. Bayan an tashi daga kwas ɗin akwai kwana uku kafin ranar jirginmu. Abokan tafiyata duka sun shirya wucewa birnin Kusko domin ganin Machu Picchu, kufan tsohon gari na daular Inka da ke kan tsaunuka, suna cewa wai babu abin kallo a Lima sai cunkoson motoci da hazo. Ni kuwa ina fama da hawan jini, Kusko kuma tana kan tudu mai tsayin kusan mita 3,400, ga guzurin nawa bai taka kara ya karya ba, don haka na yanke shawarar tsayawa. Ina roƙon wanda ya san birnin ya gaya mini wuraren tarihi da suka cancanci a ɓata musu lokaci, da inda zan fara, da kuma yadda Musulmi zai yi da salla da abinci.

Tsohon Malamin Tarihi:

Wa alaikumus salam, Baban Zainab. Abokanka sun yi wa Lima rashin adalci, domin kusan shekara ɗari uku daga wannan birni ne Sifaniya take juya mafi yawan mulkinta a Kudancin Amurka. Francisco Pizarro, jagoran mayaƙan Sifaniya da suka ci ƙasar da yaƙi, shi ne ya kafa shi ranar 18 ga Janairun 1535 a bakin kogin Rimak, ya raɗa masa suna Birnin Sarakuna, amma sunan da mutanen ƙasa suke kiran wurin da shi ne ya rinjaya. Shawarata ita ce ka ba tsakiyar tsohon gari yini guda cur, ka fara da babban dandalin da ake kira Plaza Mayor, inda fadar shugaban ƙasa da babbar majami'a da fadar babban limamin Katolika suka kewaye wata maɓuɓɓugar ruwa ta tagulla da aka kafa tun tsakiyar ƙarni na 17. Idan ka isa kafin tsakar rana za ka tarar da canjin dogarai a harabar fadar, ana yi da kaɗe-kaɗen soja.

A cikin majami'ar akwai kabarin Pizarro, kuma labarinsa ya fi kabarin kansa daɗin ji. 'Ya'yan ɓangaren abokin gabarsa Almagro ne suka kashe shi a gidansa a shekarar 1541. Daga 1891 aka ajiye wata busasshiyar gawa a akwatin gilashi ana nuna wa jama'a a matsayin tasa, har sai a 1977 da ma'aikata suka tono wani akwatin dalma a ƙarƙashin ginin, ɗauke da ƙoƙon kai da rubutun cewa kan Pizarro ne. Da masana suka duba ƙasusuwan suka ga tabon sara da suka a wuya, sai ta tabbata cewa shekara tamanin da 'yan kai mutane suna yi wa gawar wani bawan Allah daban kallo.

Daga dandalin, tafiyar 'yan mintoci ce a ƙasa zuwa gidan ibada na San Francisco, wanda a ganina shi ne abin da ya fi komai daraja a tsakiyar gari. Hukumar UNESCO ta fara sanya shi shi kaɗai cikin kayan tarihin duniya a 1988, sannan a 1991 ta haɗa da sauran tsohon garin. Ana shiga ne rukuni-rukuni tare da ɗan jagora. Ka ɗaga kai a kan babbar matakala ka dubi kubbar katako da aka sassaƙa da taurari masu shiga cikin juna, za ka gane hannun Andalus nan take, domin maginan Sifaniya sun gaji wannan sana'a daga Musulmin da suka mulki ƙasarsu. Haka nan barandojin katako masu raga da za ka gani sun leƙo kan tituna, musamman na fadar Torre Tagle da aka gama a 1735, 'yan'uwan waɗanda ke tsohuwar Alƙahira ne, an yi su ne domin matar gida ta ga titi, titi bai gan ta ba. A ƙarƙashin San Francisco kuwa akwai ramukan da aka riƙa binne mutanen gari har zuwa 1808, lokacin da aka buɗe maƙabarta a bayan gari. An jera ƙasusuwan dubban mutane kashi-kashi, cinyoyi gefe guda, ƙoƙunan kai gefe guda. Ni dai na fito jikina a sanyaye, kuma ban ga laifin wanda ya ce ba zai sauka ba.

Hajiya Mai Zanen Gidaje:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara basira, amma da izininsa zan saɓa masa a kan inda za a fara. Wanda ya fara da Plaza Mayor zai fito da tunanin cewa tarihin wurin ya soma ne da zuwan Turawa, alhali akwai ɗaruruwan tsofaffin gine-ginen ƙasa warwatse a cikin birnin, waɗanda suke kira huaca, wasunsu sun girmi Pizarro da shekara dubu. Ni sana'ata zanen gine-gine ce, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai a duk ziyarata shi ne Huaca Pucllana, wanda ke tsakiyar unguwar masu kuɗi ta Miraflores, benaye na zamani sun yi masa zobe.

Dala ce mai hawa bakwai, tsayinta ya haura mita ashirin, mutanen da masana ke kira al'ummar Lima suka gina ta tsakanin wajejen shekara ta 200 zuwa 700 miladiyya, daga baya mutanen Wari suka mai da ita wurin binne manyansu. Duk da tubalin laka aka yi ta, ƙanana, waɗanda aka dunƙula da hannu ba tare da ma'auni ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda aka jera su: maimakon a kwantar da tubali kamar yadda maginanmu ke yi, sai aka tsayar da su a kan gefensu kamar littattafai a kanta, aka bar ɗan rata tsakanin kowane biyu. Idan ƙasa ta girgiza, kowane tubali yana da wurin motsawa, sai bango ya yi rawa ya koma mazauninsa. Na tsuguna na daɗe ina kallon wani sashe da rana ta haska ta gefe, babu tubali biyu da suka yi daidai da juna, wani ya fi kauri, wani ya ɗan karkace, kamar dai curin fura daga hannu daban-daban.

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa zai tambayi kansa yadda laka ta yi wannan daɗewa ba tare da yaɓe ba, tunda mu a Kano muna ganin yadda damina ke cin ganuwa kowace shekara. Amsar ita ce Lima a hamada take, ko da yake tana bakin teku. Ruwan sanyin da ke gudana a gaɓar Peru yana hana hadari haɗuwa, har ruwan da ke sauka a can a shekara guda bai kai abin da Kano ke samu a dare ɗaya na Agusta ba. Abin da suke da shi sai wani yayyafi mai kama da raɓa da suke kira garúa.

Hikimar nan ta girgizar ƙasa ita ce mabuɗin fahimtar tsohon garin da Malam ya bayyana. Ranar 28 ga Oktoban 1746 girgiza ta rusa kusan dukan Lima, igiyar teku kuma ta shafe tashar jiragen ruwa ta Callao da kusan dukan mazaunanta. Bayan haka ne aka ƙara rungumar ginin kara da katako da ake shafe su da laka, wanda suke kira quincha, musamman a hawa na sama. Saboda haka bangaye da dama da za ka ɗauka dutse ne, idan ka ƙwanƙwasa za ka ji su kamar ganga. Ka fara da Pucllana da safe, Baban Zainab, ka wuce gidan tarihi na Larco a Pueblo Libre da yamma, inda ake barin baƙo ya shiga rumbun ajiya ya ga dubban tukwane jere har rufi, cikinsu da na tsohuwar al'ummar Moche masu siffar fuskokin mutane, kowace da kamanninta. Akwai wani ɗaki na daban mai tukwane masu siffofin batsa, a ware yake, don haka kana iya wuce shi. Tsohon gari kuma ka bar shi zuwa rana ta biyu.

Tsohon Malamin Tarihi:

Hajiya ta yi gaskiya, na janye tsarina, a bi nata. Abu ɗaya zan ƙara, domin na mance da shi kuma ya shafe mu. An kai bayi daga Afirka Lima da yawa tun farkon mulkin Sifaniya, ba a kuma soke bauta a Peru ba sai 1854, zamanin shugaba Ramón Castilla. Babban bikin addini na birnin, wanda ake yi a watan Oktoba jama'a sanye da shunayya, ya samo asali ne daga wani zane da wani bawa ɗan Angola ya yi a bangon laka a tsakiyar ƙarni na 17, bangon da ya tsaya lokacin da girgizar 1655 ta kayar da abin da ke kewaye da shi. Zanen yana nan a majami'ar Las Nazarenas. A gidan ibada na Santo Domingo kuma, kusa da babban dandali, akwai kabarin Martín de Porres, ɗan wata 'yantacciyar baiwa baƙar fata, wanda ya rasu a 1639, cocin Katolika ta sanya shi cikin waliyyanta a 1962.

Ɗan Tireda a Ƙetare:

Malamai sun gama da tarihi, ni zan taɓa abin da ya rage. Akwai masallaci a unguwar Magdalena del Mar, tsohon gida ne babba aka mayar, ana Juma'a a cikinsa, kuma a can ne za ka fi samun wanda zai nuna maka inda ake sayar da naman halal. Alƙibla gabas ce da ɗan karkata arewa, agogonsu kuma yana bayan na Najeriya da awa shida. Kifi shi ne mafitarka. Abincinsu da ya fi suna, ceviche, ɗanyen kifi ne da aka jiƙa da ruwan lemon tsami da albasa da barkono, ana ci da dankalin Hausa da masara, kuma da rana ake cinsa. Ka guji chicharrón sai an tabbatar maka na kifi ne ko na kaza, domin asalinsa naman alade ne, abin sha mai suna pisco kuma da ake miƙa wa baƙo a matsayin maraba giya ce. Agusta tsakiyar hunturunsu ne, sama a rufe take kullum, sanyin mai laima ne yana ratsa ƙashi, don haka ka tafi da rigar sanyi.

Game da zirga-zirga, motar bas ta Metropolitano tana da hanyarta ita kaɗai daga unguwannin Miraflores da Barranco zuwa tsakiyar gari, ta fi tasi sauri idan hanya ta cushe. Ni na taɓa tare tasi a titi ban yi ciniki ba, alhali ba su aiki da mita, da muka isa direban ya yanka mini kuɗi ninki uku, ga ba ni da Sifaniyancin da zan yi gardama. Ka kira mota ta waya, ko ku daidaita kafin ka shiga, kuma kada ka tsallaka gadar dutse ta bayan fadar shugaban ƙasa zuwa unguwar Rimak kai kaɗai da waya a hannu.

Baban Zainab:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Zan bi tsarin Hajiya a kwana biyun farko. Rana ta uku ta faɗo a Juma'a, kuma na ga ana ambaton kufan Pachacamac, wajen kilomita talatin kudu da birni. Shin idan na fita da sassafe zan iya dawowa in riski salla a Magdalena, ko in bar shi in zaga Barranco kawai?